Gayya: Tarihin Aikin Taimakon Juna a Ƙasar Hausa

Kalmar gayya, wadda tushenta ɗaya da gayyata, tana nufin taron mutanen da aka kira domin su haɗu su yi wa mutum ɗaya aikin da ya fi ƙarfin hannunsa, ba tare da an yi jinga ko an biya lada ba. Asalinta yana cikin yanayin noman ƙasar Hausa, inda damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar, ga shi kuma a da galibin aikin gona da fartanya da garma ake yin sa, ta yadda magidancin da ciwo ya kwantar a lokacin noman farko yana iya rasa abincin shekara gaba ɗaya, domin ciyawa ba ta jiran majinyaci ya warke. Gandu, wato gonar da uba da 'ya'yansa suke nomawa tare, shi yake riƙe da gida. Gayya kuwa ita ke riƙe da unguwa a ranar da gandu ya gaza.

Tsarinta a ƙauyuka bai da wani ɗaure kai. Mai gona yakan kai goro ga sarkin noma ko sarkin samari, a sa rana, da sassafe kuma matasa su jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, makaɗan gangar noma suna biye da su a baya suna zuga gwanaye da kirari, har aikin ya koma tsere, wanda ya riga fita ƙarshen kunya ya juyo ya taya na baya. Da hantsi mata da yara su iso da ƙoren fura da kunu, a zauna a inuwar ɗorawa a sha ana barkwanci, sau da yawa kafin azahar an gama abin da mutum ɗaya zai kwashe mako biyu yana fama da shi. Saurayi mai neman aure yakan tara abokansa su yi wa surukinsa noma, haka ake yi wa tsoho da malamin gari da matar da mijinta ya rasu, waɗanda ba a sa ran za su rama. Amma tsakanin tsara da tsara gayya bashi ce da ba a rubutawa, kuma wanda ya saba noƙewa idan an kira, ranar tasa gayyar yakan ga gona wayam.

Mata ma suna da tasu, wadda marubuta tarihi ba su cika kula da ita ba, wato daɓe. Kafin siminti ya yawaita, ɗakin amarya sai an zuba masa ƙasa da tsakuwa, maƙwabta su durƙusa da madaɓi suna bugawa a tare bisa amon waƙa, ana yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi tauri ya yi sheƙi. Maza kuma su taru a ɗora rufin ciyawa, inda aka samo karin maganar nan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai masu mulki ma sun daɗe da gane amfanin tara hannaye. Ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), da ƙarfin talakawa aka gina ta, da shi ake gyara ta. Turawan mulkin mallaka sun bi wannan hanya ta hannun hakimai da dagatai wajen shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, sannan daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, abin da jama'a suka kira diban gwamna. A yankunan da Faransa ta mallaka, ciki har da Nijar, sai a 1946 doka ta soke aikin tilas. Ko da yake kamannin aikin ɗaya ne, talaka bai taɓa ruɗa aikin tilas da gayya ba, domin a aikin tilas babu goron gayyata, babu damar cewa a'a, kuma babu ranar da za a rama masa.

Abin da ya fi raunana gayyar gona shi ne kuɗi. Tun da cinikin gyaɗa ya buɗe bayan zuwan jirgin ƙasa, ƙwadago, wato aikin yini da ake biya, ya soma maye gurbinta, kuma littafin Polly Hill na 1972 kan ƙauyen Ɓatagarawa da ke kusa da Katsina ya nuna yadda marasa hali suke noma gonakin masu hali don lada. Daga baya garmar shanu da maganin ciyawa suka rage bukatar taron. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché da ta hau mulki a 1974 ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya ta sa su ayyukan gari, ko da yake sun zama wani hannu na hukuma. A birane irin su Kano da Zariya da Katsina kuwa sunan ya koma kan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda kan fito da cebur da baro gabanin damina su yashe magudanan ruwa, su cike ramukan hanya, su kuma gyara kaburburan da ruwa ya zaizaye a maƙabarta.