Yankari: Dajin Da Ke Da Tarihi

Duk lokacin da na sami hutu daga ofis, babu inda na fi son zuwa kamar Gandun Dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi. Waɗanda muka tafi ziyarar ilimi tare muna aji biyar za su tuna ranar da birai suka wawashe mana burodi, malamin tarihi yana binsu da sanda.

A shekarar 1956 ne Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji domin kare namun dawa, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Akasarin baƙi giwaye da ɓauna da gwanki suke zuwa gani, musamman da rani, lokacin da ƙishirwa ke tara su a bakin kogin Gaji. Wasu kuma ruwan Wikki ne ke jan su, wanda ke ɓuɓɓugowa da ɗumi, dare da rana, rani da damina.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne alamun mutanen da suka zauna a nan tun kafin zuwan Turawa. Akwai rijiyoyin Dukkey fiye da 100 da aka haƙa domin adana ruwa. Akwai kogunan da aka sassaƙa a jikin dutse, akwai kuma tsofaffin wuraren narka tama a Shau Shau. Ashe dajin da muke ɗauka na dabbobi ne kawai, gidan maƙera da mafarauta ne a da.

Abin takaici, farautar sata ta rage giwayen ƙwarai, kuma waɗannan kayan tarihi ba kowa ke waiwayar su ba. Abin da ba a ziyarta kuwa, mantawa ake yi da shi. Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara ta ɗauki nauyin kai ɗaliban makarantarmu Yankari duk shekara, kamar yadda aka kai mu. Allah Ya sa mu dace, amin.