Shingayen Hukuma da Ƙuncin Zuciyar Masu Jinyar 'Yan'uwa a Asibitocin Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda tsarin biyan kuɗi, tafiyar da asibiti da dokar ƙwadago suke ƙara wa masu jinya damuwa. An bi diddigin dokokin lafiya na tarayya bisa ra'in Leonard Pearlin na 1990. Binciken ya nuna cewa wani kaso na ƙuncin mai jinya daga tsari yake fitowa, don haka gyara doka zai iya rage shi.

1.0 Gabatarwa

A asibitocinmu, uwa ko mata ko 'ya ce take wanke majinyaci, ta ba shi abinci, ta zubar da fo, ta kwana kan tabarma a baranda. Ra'in Pearlin ya raba matsin jinya gida biyu: wanda cutar ta haifar kai tsaye, da wanda ya biyo baya kamar bashi, rasa aiki da saɓanin dangi. Shingayen hukuma kashi na biyun suke kumburawa.

2.0 Shingayen

2.1 Kuɗi kafin magani. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Mai jinya ce za a miƙa wa takardar magani da tsakar dare, ta nemo safar hannu, ruwan ƙari da wanda zai ba da jini. Idan kuɗin ya gagara, sai ta ɗora wa kanta laifin taɓarɓarewar jikin majinyacinta. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista, ta kuma tanadi asusun marasa ƙarfi, amma mafi yawan manoma da 'yan kasuwa ba su shiga ba tukuna.

2.2 Layi da nisa. Yankar kati, neman fayil, biyan kuɗi da gwaji kowanne da layinsa, ga maras lafiya an bar shi shi kaɗai. Mai ɗan'uwa da ke fama da taɓin hankali yakan yi doguwar tafiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa da ke Kaduna, Kware, Dawanau ko Maiduguri. Yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa na 2021 ya shafe kimanin wata biyu, jinya ta koma gidaje ba tare da jagora ba.

2.3 Rashin matsayi a doka. Dokar ƙwadago ta san hutun haihuwa da na rashin lafiyar ma'aikaci, ba ta san hutun jinyar iyaye ba. Ma'aikaci sai ya zaɓa tsakanin albashinsa da mahaifiyarsa.

3.0 Kammalawa

Al'umma tana yi wa mai jinya sannu, tana ba ta haƙuri, kuma zumunci ya cancanci yabo. Sai dai haƙurinta bai kamata ya zama jarin da hukuma ke cike giɓinta da shi ba. Ana ba da shawarar a haɗe biyan kuɗi a taga ɗaya, a samar da hutun jinya a doka, a kuma riƙa auna damuwar masu jinya da ma'aunin Zarit a duk asibitin koyarwa.