Ƙugiyar da Ta Ɓace a Cikin Na'ura

Malamin da ya taɓa saka rubutun Hausa a rumbun bayanai na kwamfuta ya san wannan ciwo: ka rubuta Maraɗi, a mayar maka da Mara?i. Wani lokaci harafin ƙ ya rikiɗe ya zama Æ™. Cutar tana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi.

A shekarar 1963 aka kafa tsarin ASCII a Amurka, mai gurabe 128, wanda aka auna da bukatar Turancin Ingilishi. A 1987 tsarin Latin-1 ya faɗaɗa guraben zuwa 256, Faransanci ya samu é da ç, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suka tsaya a bakin ƙofa. Alhali kuwa taron Bamako na 1966, ƙarƙashin UNESCO, ya riga ya tattauna daidaita rubutun Hausa, kuma Nijar ta tabbatar da ƙa'idarta a 1999.

Magani ya samu tun 1991, da Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8. A cikinsa ƙ yana cin gurbi biyu. Idan manhaja ta karanta guraben ɗaya-ɗaya da tsohon tsari, sai baƙaƙe biyu marasa ma'ana su fito. Duk da haka rumbun MySQL ya ci gaba da zuwa a kan Latin-1 sai in mai shi ya sauya da hannunsa, har fitowar sigar 8.0 a 2018.

Hujjar kamfanoni ita ce sauya tsari na iya lalata tsofaffin bayanan abokan cinikinsu. Hujja ce mai nauyi, amma ba ta sauke musu alhaki ba. Malamin makaranta ba ya iya buɗe cikin manhaja. Wanda ya ƙera ta ya sayar, shi ke da mabuɗi. Harafin da aka adana a matsayin alamar tambaya kuwa ya tafi ke nan. Sai magatakarda su gaji su watsar da ƙugiya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa, yara kuma su ɗauka haka ake rubutawa.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu: kafin a sayi kowace manhaja, a rubuta mata ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, a adana, a sake buɗewa. In ba ta dawo da su daidai ba, kada a biya.