Yadda Kundin Jupyter Ya Raba Kan Mutanen Emacs

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: shin Jupyter ne ya fara haɗa bayani da umarnin kwamfuta da sakamakonsa a shafi guda? A'a. Mathematica ta zo da irin wannan kundi tun 1988, sai dai manhaja ce ta kuɗi, a rufe. Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fara IPython, tushen Jupyter, a 2001 yana ɗalibin fiziks a Jami'ar Colorado. Kundin da ake buɗewa a burauza bai fito ba sai ƙarshen 2011, sunan Jupyter kuwa sai 2014.

Ƙura kan wannan kundi ta fi tashi ne a tsakanin masu amfani da Emacs, tsohuwar manhajar rubutu da kowa ke da damar gyara ta. Su mutane ne da ba sa son fita daga cikinta ko don karanta wasiƙa, balle a ce su koma burauza.

Kuma kundin bai same su hannu rabbana ba. A 2003 Carsten Dominik, masanin taurari a Amsterdam, ya ƙirƙiro Org-mode don tsara ayyukansa na yau da kullum. Eric Schulte da Dan Davison suka ɗora masa Babel, wanda ya shiga Org a 2010. Za ka rubuta bayaninka, ka saka ɗan umarni na Python ko R a tsakiya, ka danna C-c C-c, sakamako ya sauko a ƙarƙashinsa. Komai zallan rubutu ne, ido na iya karanta shi.

A 2012 Takafumi Arakaki ya bi wata hanya da EIN: a shigo da kundin IPython cikin Emacs yadda yake. Hujjar masu goyon bayansa mai ƙarfi ce, domin abokan aikinsu fayil ɗin kundin, wato ipynb, suke turo musu, ba Org ba. Ɗaya ɓangaren, na Babel, ya ce ipynb tsarin JSON ne, hotuna ma a cikinsa ake cusa su a matsayin dogayen layukan haruffa. Ka canza kalma ɗaya, ka sake gudanar da kundin, Git, mai bin diddigin canje-canjen fayil, ya nuna maka tulin canji da ba ka gane kansa.

Daga baya EIN ya durƙushe. Wasu na cewa rashin masu kula ne kawai ya durƙusar da shi. Ban gamsu ba. Duk lokacin da sabar Jupyter ta sauya, dole EIN ya bi ta a guje, kuma 'yan sa-kai ƙalilan ba za su jure wannan ba.

Abin da ya ɗore shi ne magana kai-tsaye da injin da ke gudanar da umarnin, ta hanyar sadarwar ZeroMQ. Hydrogen ya yi haka a manhajar rubutu ta Atom kafin a rufe Atom a Disambar 2022, emacs-jupyter ya haɗa injin da Babel, Jupytext kuma ya ba da damar ajiye kundi a zallan rubutu. A wannan gardama, mutanen Babel ne ke da gaskiya.