Baba ta Karo: Shaida Kan Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

Baba ta Karo littafi ne na tarihin rayuwar wata Bahaushiya, Baba (1877–1951), wadda ta ba Baturiya Mary Smith labarinta da Hausa a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. An buga fassararsa ta Ingilishi a Landan a 1954.

Darajarsa ita ce Baba ta riga ta mallaki hankalinta kafin Turawa su ci Kano da yaƙi a 1903. Ta bayyana zaman rinji, da hare-haren masu kamun bayi, da aure da ƙawance, da yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Nasara. Ba ta kuma ɓoye cewa talakawa da dama sun yi maraba da karyewar ikon sarakuna ba, batun da marubutan fada ba kasafai suke taɓawa ba.