Tafiyar Wallach da Blenkiron ta Agadas da Kano, 1934–1935

Theresa Wallach da Florence Blenkiron 'yan Ingila ne da suka tuƙa babur daga Landan zuwa Keftawun, suka ratsa Sahara, suka bi ta Agadas da Kano. Sun tashi ranar 11 ga Disamba 1934, suka isa ranar 29 ga Yuli 1935. A tarihin mata da tuƙi an fi ambaton Bertha Benz, wadda ta kora motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus a 1888, amma tafiyar waɗannan biyun ce ta taka ƙasar Hausa.

Babur ɗin ƙirar Panther ne mai ƙarfin cc 600. An haɗa masa kwandon gefe mai ƙafa ɗaya, yana kuma jan ƙaramar tirela da aka labta wa fetur da ruwa da tanti. Dukansu sun iya kanikanci. Blenkiron ma ta riga ta zarce gudun mil 100 a awa a filin tsere na Brooklands tun kafin su tashi.

Bayan sun tsallaka zuwa Afirka, daga Aljas suka yi kudu ta In Salah da Tamanrasat, tsohuwar hanyar ayarin raƙuma. Sai da suka yi ta ja-in-ja da sojojin Faransa kafin a bar su su wuce, don a ganin hukuma mata biyu ba za su kai labari ba. Inda rairayi ya yi laushi, sauka suke yi su tura. Kafin Agadas injin ya mutu murus. A garin suka yada zango har kayan gyara suka iso daga Ingila, suka kwance injin ɗungurungum, suka mayar da shi da hannunsu. Wannan zama shi ne mafi tsanani a tafiyar, ko da yake masu ba da labarin sun fi son zancen zakuna da suka gani can gaba.

Bayan gyaran suka gangara Kano. Daga Kano suka yi gabas ta Chadi da Kwango, sannan kudu ta Nairobi har Keftawun.

Yawancin bayanan sun fito ne daga littafin Wallach, The Rugged Road, wanda aka buga a 2001, shekara biyu bayan rasuwarta. Shi ya sa sunanta ya danne na abokiyar tafiyarta, alhali Blenkiron ce ta juyo arewa daga Keftawun ita kaɗai a kan wani sabon babur.