Tarbiyya da Kasada: Masu Horarwa Kiristoci a Tarihin Wasan Besbol

Wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san yadda yara ke buga langa a dandali da farin wata. Babu mai horarwa, babu usur. Su ke raba kansu, su zaɓi ruwa, su sasanta gardamarsu, kuma a nan yaro ke koyon yaudarar abokin karawa da ƙafa ɗaya. To, me ke faruwa da wannan dabara idan manya suka karɓe ragamar wasa? Tarihin besbol a Amurka ya daɗe yana fama da wannan tambaya, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tunkare ta mutanen coci ne.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani ra'ayi ya yi ƙarfi a Ingila, cewa jiki amana ce daga Ubangiji, filin wasa kuwa makarantar gyaran hali ne. Ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA, wadda George Williams ya kafa a Landan a 1844, ta ɗauki ra'ayin ta yaɗa shi a Amurka. A makarantarta ta Springfield ne James Naismith ya ƙago ƙwallon kwando a 1891, da kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu, don ɗalibai su sami abin yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Abokin zamansa a wurin, Amos Alonzo Stagg, gwanin jifa ne a besbol a Jami'ar Yale. Ya so zama mai wa'azi, daga baya ya zaɓi horar da matasa a matsayin hidimarsa.

Mutumin da ya fi barin tambari a besbol shi ne Branch Rickey, ɗan ɗarikar Methodist wanda ya shahara da ƙin zuwa filin wasa ranar Lahadi. Duk da tsantseninsa, ba ya son ɗan wasa mai tsoro. A besbol akwai tashoshi huɗu da mai gudu zai zagaya ya dawo gida kafin a ba shi maki, kuma an yarda ya saci hanya zuwa tasha ta gaba idan mai jifa ya shagala. Wannan sata ba ta koyuwa da umarni. Sai yaro ya gwada, an kama shi, ya sake gwadawa. Rickey ya gina tsarin ƙananan ƙungiyoyin renon matasa a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920, inda kuskure ba ya da tsada sosai.

A 1945 ya ɗauki Jackie Robinson, shi ma ɗan Methodist, daga gasar baƙaƙen fata da wariya ta keɓe. Ranar 15 ga Afrilu, 1947, Robinson ya fara bugawa Brooklyn Dodgers wasa. Rickey ya nemi ya daure wa zagi ba tare da ramuwa ba, kuma daga koyarwar Almasihu ya ɗauko hujjarsa. Amma a cikin fili ya sakar masa mara. Robinson ya zo da salon gudu da ruɗa mai jifa da aka san gasar baƙaƙe da shi, har ya saci tashar gida sau 19 a manyan wasannin kaka. Haƙuri ya tsare masa harshe, kasada kuma ta motsa masa ƙafa.

Sai dai tsari yana da nasa farashi. A 1939 Carl Stotz ya kafa gasar yara ta Little League a Williamsport da ƙungiyoyi uku. Ta ba yara riguna da alkalan wasa, amma da ta bunƙasa, masu suka sun yi ta kokawa cewa iyaye da masu horarwa sun mamaye kowane motsi, yaro ba ya ɗaga ƙafa sai ya kalli benci. A daidai lokacin, yaran Jamhuriyar Dominika suna buga murfin gora da sandar tsintsiya a lungu, kuma daga irin garuruwansu, kamar San Pedro de Macorís, aka yi ta samun manyan 'yan wasa.

Besbol ba wasanmu ba ne, amma matsalar tamu ce. Makarantun koyon ƙwallon ƙafa na ƙaruwa a Kano, ga kuma wayar salula tana kwashe yara daga dandali. Malamin motsa jiki a Gaya ko Ajingi, Musulmi ne ko Kirista, zai iya ɗaukar rabon aikin da Rickey ya yi: ya tsananta a kan gaskiya, ladabi da riƙon alkawari, ya kuma ware lokacin da zai koma gefe ya yi shiru, yara su tsara wasansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya kula kada ya karya reshen da zai yi 'ya'ya.